Sandar da Inna Ta Bari a Bayan Ƙofa

Da sunan Allah nake farawa, kuma ina rubuta wannan ne domin duk wanda yake da tsohuwa ko tsoho a gida. Sunana Dije, ni ce autar Inna. A Kwanyawa ta ƙasar Karaye aka haife ni, can kuma na koma da sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli bayan rasuwar mijina. Abin da zan faɗa ya faru ne a shekarun nan da ake bin layin sabulu da madara, zamanin soja. Har yau idan na tuna sai haushi ya kama ni, kuma ba zan ɓoye ba, rabin haushin da nake ji, na kaina ne.

Inna Bafulatanar Ruwan Bago ce, aure ya kawo ta garinmu. Ta haifi goma sha ɗaya, ta binne shida, ta yi shekara da shekaru tana tallan nono da ƙwarya uku a ka. Ita kuwa nonon nan ba ta sha, wai abin sayarwa ba na baki ba ne. Doguwa ce a da. Da tsufa ya zo sai ta fara raguwa muna kallo. Ragayar da take rataye ƙwaryarta, wadda da take miƙa hannu kawai ta sauke, sai ga shi tana kirana in sauko mata da ita. Zaninta ya fara jan ƙasa, bayanta ya ranƙwafa. Wata rana ta yi atishawa ta riƙe baya, ta kwana uku ba ta miƙe sosai ba. Jikoki suna tsokanarta wai ta kusa komawa goyo, mu ma muna taya su dariya. Ba wanda ya kawo a ransa cewa wannan ciwo ne mai suna, tsufa kawai muka ce.

Da kaka, ana tsakiyar ɓarar gyaɗa, ta gama alwalar la'asar za ta miƙe, ɓawo ya zame da ita, ta dafa ƙasa da hannun dama. Shi ke nan fa. Ba daga kan katanga ta faɗo ba, ba saniya ce ta ture ta ba. Ko butar ba ta tuntsire ba. Amma da na ɗago hannun sai na ga wuyansa ya lauye, kafin magariba ya kumbura suntum.

Washegari gida ya cika. A cikin waɗanda suka zo har da Gwaggo Asabe, yayar mahaifinmu, da ke aure a Jajaye. Ita ce babbar dangi tun da Baba ya rasu, kuma har Inna ta yi furfura ba ta daina ce mata Amarya ba. Ta duba hannun ta taɓe baki.

"Me ake jira? A kira mai ɗori mana. Kwana arba'in Amarya ta koma daka."

Na ce, "Gwaggo, asibiti za mu kai ta."

"Asibiti? Su ɗaure shi da siminti ya ruɓe a ciki su yanke? Ke Dije, daga zuwa ajin yaƙi da jahilci kin fi kowa sani?"

Na yi kuka, na yi rantsuwa, har Yaya Sule, babban wanmu, ya gaji ya ce a bi tawa. Gwaggo ta yafa mayafinta ta ce za ta ga ƙarshen abin. Wannan maganar ta zauna min a zuciya, kuma ita ce ta kai mu inda ta kai mu.

A satin farko muka je Karaye, suka ce ba su da injin ɗaukar hoton ƙashi, sai birni. Muka hau motar kasuwa, Inna na rungume da hannu a cikin ɗankwali, duk ramin da aka faɗa sai ta runtse ido. A babban asibiti muka yi layin kati, muka yi layin hoto, muka yi layin karɓar hoton, aka ce likita ya tashi sai gobe. Muka kwana a gidan wani ɗan garinmu mai sayar da hatsi, Allah ya saka masa da alheri, har tabarmarsa ya bar mana.

Likitan da muka gani matashi ne, Hausarsa da ɗan gargada amma ana ganewa. Yaya Sule ya fita neman magani, don haka ni kaɗai ce a tsaye kusa da Inna. Ya ɗaga hoton wajen taga ya daɗe yana dubawa. Ya tambayi yadda ta faɗi, na gaya masa. Ya tambaya ko ta rage tsawo, ko tana ciwon baya. Na ce eh, ina mamakin wa ya gaya masa. Ya faɗi wani dogon suna na Turanci da ya fara da "osti", sauran ya bi iska. Amma abin da ya faɗa da Hausa ban manta ko kalma ɗaya ba.

"Ƙashin mamanki ya zama kamar azarar da gara ta ci. Daga waje lafiya, ciki duk rami. Wannan hannun zai warke, ba shi nake tsoro ba. Karaya ta biyu nake tsoro, kuma ba ta nisa da ta fari. Watannin nan masu zuwa su ne masu hatsari. In ta kama ƙugu, tsohuwa ba kasafai take tashi ba."

Ya ce a samo mata sanda, kada ta taka ko'ina ba da ita ba. A share tsakar gida, a kwashe igiyoyi da turame daga hanya, a bar fitila kusa da ita. Ta riƙa shan nono, ta riƙa ɗan zagayawa a gida, amma ban da tafiya mai nisa, ban da motar da ke jijjiga. Ya rubuta wasu fararen ƙwayoyi masu ɗanɗanon alli. Sannan ya kalle ni ya ce, "Kin ji?" Na ce na ji. Aka naɗe hannun da filastar nan da muke ce wa siminti, muka dawo.

Sati shida na yi ina jinya yadda ya kamata, wannan kam ko a gaban Allah zan faɗa. Ni nake mata wanka, ni nake ɗaura mata zani, ni nake ba ta tuwo a baki har ta koyi ci da cokali da hagu tana istigfari. Na share gidan nan har ƙasa ta yi sheƙi. Yaya Sule ya sassaƙo mata sanda mai kyau ta itacen giza, ya sa mata roba a gindi. Da ƙyar ta karɓa, wai ta zama makauniya. Nono kuwa sai na tsaya a kanta, tana sha tana mita wai wannan kofin da an sayar ya sayi gishiri.

'Yan dubiya ba su yanke ba. Na gari, na Ruwan Bago, na Jajaye, kowa da ɗan abinsa da kuma shawararsa. Wannan ya ce a shafa man shanu ta ƙarƙashin simintin, wancan ya ce a jiƙa sassaƙe, wata ta ce ai jifa ne, a nemi rubutu. Gwaggo ta zo sau biyu, kowane zuwa sai ta sunkuya ta shinshina hannun ta ce, "Ban dai ji wari ba tukuna."

Ranar da aka yanke simintin, hannu ya fito siriri, fata na saɓa, amma a miƙe yake sak. Inna ta murɗa shi ta ce alhamdulillahi. Ni kuwa a motar dawowa ba abin da nake gani sai fuskar Gwaggo.

To a nan ne al'ada ta shigo. A wajenmu, wanda ya tashi daga ciwo yakan zaga gidajen da suka zo duba shi ya yi musu ban gajiya da bakinsa. Ba a aike, musamman wajen manya. Inna kuwa ba ta taɓa barin irin wannan ya wuce ta ba. Sati biyu da cire siminti ta sa aka sayo goro ta ƙulla a leda-leda. Kwana biyu muka zaga Kwanyawa a ƙafa, tana dogara sandarta, ina gefenta. Lafiya lau muka gama. Sai ta ce saura Gwaggonku.

Yaya Sule ya tambaye ni, "Dije, me likita ya ce game da tafiya?"

Na ce, "Ya ce a dai kula."

Ba ƙarya na yi ba, amma ban faɗi gaskiya ba. Da na maimaita masa maganar azara da gara, da bai bari ta fita ba. Ni dai so nake Gwaggo ta ga hannun nan a ɗakinta, a gaban surukanta.

Da safe muka shirya. Inna ta saka atamfarta ta zuwa biki, ta ɗauki sandar, ta kai bakin ƙofa, sai ta tsaya. Ta juya ta jingina ta a bayan ƙyaure.

"Ba zan shiga gidan dangin miji da sanda ba, Auta. Sai a ce ban warke ba."

Na kalli sandar. Wallahi na kalle ta, muryar likita na cikin kunnena. Na ce a raina ai ina kusa, zan riƙe ta. Kuma can ƙasan zuciyata na ji daɗi, domin sanda za ta rage wa nasarata kyau. Na ja ƙofa muka tafi.

A-kori-kura ta jijjiga mu har Jajaye, muka isa wajen hantsi. Ɗakin Gwaggo irin na da ne, mai ƙaramar ƙofa da dokin ƙofa mai tudu saboda ruwan damina. Dole mai shiga ya sunkuya kuma ya ɗaga ƙafa lokaci guda. Na tsaya ɗaukar ledar goro da ta faɗi, Inna ta tuɓe takalmi, ta yi sallama, ta ɗaga ƙafar dama, nauyinta duk ya koma kan ta hagu, tana kuma ƙoƙarin rusunawa don girmamawa. Sai na ji ƙas, kamar an karya karan dawa. Ta zube rabi a ciki rabi a waje. Daga baya ta gaya min ita a jinta ba faɗuwar ce ta karya ta ba, sai da ƙashin ya tafi sannan ta faɗi. Ko gaisuwa ba ta kai ga yi ba.

Abin da ya biyo baya ba na son tunawa. Maza biyu suka kama ta ta hammata suka tsayar, wai taka mu gani. Sau uku. Ƙafar hagu ta gajarce, tafin ya juya waje. Gwaggo ta ce targaɗe ne, aka dafa ruwa aka yi ta gashi da tausa da man shanu. Matar da ta haihu goma sha ɗaya ba a ji muryarta ba, ran nan ta yi ƙara har maƙwabta suka leƙo. Na ce a nemo mota, Gwaggo ta daka min tsawa.

"A gidana abin ya faru, ni zan yi magani. Naku na asibitin ai mun ga amfaninsa, ga shi sun tsotse mata ƙarfi."

Ni da na kafe kan maganar hannu, wannan karon sai na bar mata. Da wane ido zan yi gardama? Kwana uku muka ɓata a ɗakin nan kafin mai ɗorin da aka aika wa ya dawo daga tafiya. Dattijo ne mai sanyin magana, kuma ina yi masa addu'a har gobe. Ya shafa wurin sau ɗaya ya janye hannu.

"Hajiya, wannan ba nawa ba ne. Karan ɗorina ba ya kaiwa nan. Ku ji tsoron Allah ku daina murza ta, ku kai ta birni yau."

Shi ne kaɗai Gwaggo ta saurara. Yaya Sule ya zo da shatar mota, aka shimfiɗa katifa a baya, na zauna na tallafe kanta har Kano.

Likitan nan dai muka tarar. Ya duba katin, ya duba ni.

"Sati nawa da ta farko?"

"Tara."

"Ina sandar?"

Bai yi faɗa ba, ya dai sunkuyar da kai ya ci gaba da rubutu. Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Satin farko a baranda muka yi shi, ana jiran gado. Da aka samu, aka ɗaure ƙafar da igiya aka rataya mata ƙarfe mai nauyi a ƙarshen gado. Aka ce za a yi aiki a sa ƙarfe a ƙugun, a kawo jini, a sayo kaza da kaza, domin a lokacin hatta auduga kai za ka sayo. Yaya Sule ya ba da jininsa, ya sayar da ɗaya daga cikin shanun hudarsa, wanda ya san noma ya san me wannan ke nufi. Sati na biyu aka sa rana, aka ɗaga, wai ba wuta. Sati na uku aka sa, aka ɗaga, wai an kawo 'yan hatsarin mota. Kowace rana sai an hana ta abinci tun safe, sai yamma a ce a ba ta koko. A sati na huɗu tari ya kama ta. Likita ya kira ni gefe ya ce ƙirjinta ba zai ɗauki allurar barci ba yanzu, ƙashin ma bai tabbata zai riƙe ƙarfen ba.

Akwai ma'aikaciyar da in ka kira ta sai ta kalle ka kamar ka taka mata sallaya. Akwai kuma wata, gajeriya mai wushirya, ba ma addininmu ɗaya ba, ita ta koya min juya Inna lokaci-lokaci don kada baya ya yi miki, ta nuna min yadda ake sa tasar bayan gida ba a motsa ƙugu ba. Amma ƙarfen da ke ƙafa bai bari a juya ta sosai, miki ya fito duk da haka, tun yana kamar kwabo har ya kai tafin hannu. Abin da ya fi ci wa Inna rai ba zafin ba ne. Tasar ce. Duk sanda zan sa mata sai ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Auta, yafe min." Ita ke neman yafiyata.

Bayan sati shida aka sallame mu, aka ce mu ci gaba a gida. Kowa ya gane ma'anar wannan. Muka dawo Kwanyawa ana shiga zafin bazara. 'Yan dubiya suka sake cika gida, shawara ta dawo sabuwa. Gwaggo ta zo ta zauna a bakin gado tana cewa ƙaddara ce, na tashi na bar ɗakin don kada in yi abin kunya. Matar Yaya Sule ta ɗauke min wankin tsumma ba tare da na roƙa ba, safe da yamma, ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Allah ya ba ta masu yi mata.

Inna ta koma salla a kwance, da taimama. Sandar nan tana nan a bayan ƙyaure inda ta bar ta, ba wanda ya taɓa. Ina shiga ina fita ina ganinta. Wata rana da azahar ina goge mata jiki, na kasa riƙewa na gaya mata komai: abin da likita ya faɗa, abin da na ɓoye wa Yaya, da dalilin da ya sa na yi shiru ranar da ta ajiye sandar. Can ta ce, "Ni na ajiye ta, ba ke ba." Na san don ta sauƙaƙa min ta faɗa, kuma bai sauƙaƙa ba.

Sai ta ƙara da cewa, "Amma godiyar Gwaggonku tana wuyana. Ban ko kai ga yi mata ba na faɗi. In na tafi ki je ki yi mata."

Na ce, "Inna, matar da ta sa aka murje ki kwana uku?"

"Ta zo duba ni. Ki je."

Zazzaɓi ya haɗu da tarin, numfashi ya riƙa yi mata wuya. Ta rasu ranar wata Talata da hantsi, kwana biyu bayan ruwan farko, ana ta fita shuka. Daga zamewa a kan ɓawon gyaɗa zuwa kabari, ko wata takwas ba a cika ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. In tsohonka ya karye daga 'yar faɗuwar da ba ta kai ta karya mutum ba, kada ka ce an warke don an cire siminti. Lokacin ne ma za ka buɗe ido. Ban gajiya za ta iya jira, dangi su yi fushi su gaji. Kuma abin da likita ya gaya maka, ka faɗa wa mutanen gida yadda ya faɗa, ko da zai ɓata maka wani shiri.

Bayan sadakar arba'in na shirya na tafi Jajaye, da ƙullin goro da sandar Inna a hannuna. Na tsallake dokin ƙofar nan, ga shi an ma sake yaɓe shi saboda damina. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, Inna ta ce a yi miki ban gajiya. Ta gode da zuwa dubiya." Ta fashe da kuka tana kiran Amarya, ni kuwa idona a bushe.

Da ta miƙe za ta kawo min ruwa ne na lura. Bayanta ya ranƙwafa, zaninta na jan ƙasa, ragayarta an sassauto da igiyar. Na miƙa mata sandar. Wannan karon ban rage komai ba, na gaya mata maganar azara da gara daga farko har ƙarshe. Ta karɓa ta jujjuya, ta yaba sassaƙar.

"Ke Dije, ni me zan yi da sanda? Sai a ce na tsufa."

Ta jingina ta a bayan ƙyaure, ta ce in zo ta taka min. Da muka zo bakin ƙofa ta sunkuya ta ɗaga ƙafa, na yi wuf na kama hannunta har ta tsallake. Hannun ba shi da nauyi ko kaɗan a tafina, irin na Inna.